Baraden Kolombus: yadda karo-karon dala ɗaya ya riƙe maza miliyan biyu

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san yadda abin yake. Kwana ukun farko gida cike maƙil, tabarmi har bakin titi, abinci na shigowa daga maƙwabta, kowa na cewa Allah ya ji ƙansa ya raya abinda ya bari. Toh ka leƙa gidan bayan wata biyu, daga matar sai yara sai mai gidan haya da ya zo jin yadda za a yi. Kuma fa mutanen da suka cika gidan ba munafukai bane, tausayin na gaske ne, sai dai shi tausayi kamar shayi yake, in aka barshi a kofi hucewa yake yi. Wannan abin ya daɗe yana damuna, shi yasa labarin wata ƙungiyar maza 'yan Katolika a Amurka ya tsaya min a rai, domin daga wannan matsalar ta tashi, kuma yau shekara sama da 140 bata mutu ba.

Sunanta Knights of Columbus, in za mu faɗa da Hausa sai mu ce Baraden Kolombus, barde irin na kan doki mai kare gari. Wanda ya kafata wani fada ne matashi, wato limamin cocin Katolika, Michael McGivney, ɗan mutanen Ireland da suka yi ƙaura zuwa jihar Connecticut. An haifeshi a 1852 a garin Waterbury, shine babba cikin 'ya'ya 13 kuma shida daga cikinsu tun suna ƙanana suka rasu. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya shiga masana'antar tagulla inda ake ƙera cokula, daga baya ya koma karatun zama fada, yana tsaka da karatun a 1873 babansa ya rasu, dole ya tattaro ya dawo gida saboda ba kuɗin cigaba, da ba dan bishop ɗinsu ya ɗauki nauyinsa ba da shikenan maganar ta ƙare a nan. Kaga kenan ba a littafi ya karanta maraici ba.

Da aka naɗashi fada a ƙarshen 1877 aka turashi cocin St. Mary's dake New Haven, sai ya tarar da abinda ya baro a gidansu a kusan kowane layi. Leburori ne baƙi 'yan ƙaura, aikin masana'anta mai haɗari, tarin fuka na ɗibar mutane, gwamnati kuma a lokacin bata da wani tsarin tallafi, in maigida ya faɗi gidan ya faɗi. Abin ma bai tsaya a yunwa ba, kotun gado na da ikon kwashe yaran ta rarrabasu gidajen marayu ko hannun wasu in uwar ta kasa nuna tana da abin riƙesu, kuma sau da yawa hannun da za su faɗa ba na 'yan Katolika bane. A farkon 1882 shi kansa McGivney sai da ya je gaban kotu ya tsaya wa wani matashi da babansa ya mutu dan kar a rabashi da 'yan'uwansa. Akwai ƙungiyoyin taimakon juna a garin masu biyan kuɗi in mutum ya mutu, amma da yawansu na asiri ne masu rantsuwa irin su Freemason, coci kuma ta hana mabiyanta shiga. Sai talakan ɗan Katolika ya zama gaba kura baya sayaki, ya shiga ya saɓa wa addininsa, ya ƙi shiga ya bar iyalinsa a titi.

A watan Oktoba 1881 fadan ya tara wasu maza a ɗakin ƙarƙashin cocin, ranar 29 ga Maris 1882 majalisar jihar ta basu rajista. Tsarin da suka fara da shi mai sauƙi ne ƙwarai: duk ranar da ɗan ƙungiya ya mutu kowane mamba zai kawo dala ɗaya, burin shine in sun kai mutum 1,000 matar mamacin ta karɓi dala 1,000, kuɗin da ya haura abinda lebura ke samu a shekara biyu a wancan zamanin. In kuma ciwo ya kwantar da mutum ana bashi har dala 5 a sati na wani lokaci. Ni a nan nake ganin sirrin abin gaba ɗaya yake, domin dalar nan ba sadaka bace da za ka bayar in ranka ya yi daɗi, bashi ce a wuyanka, kuma kana bayarwa ne kana sane cewa wata rana sunanka za a karanto. Matar da ta karɓa ita ma bata sunkuyar da kai ba, haƙƙin mijinta ne aka kawo mata. Wanda ya san adashi ya san wannan bambancin, kwasar adashi da roƙo ba ɗaya bane ko da kuɗin iri ɗaya ne.

Amma karo-karo irin wannan yana da ciwon da baya nunawa sai an yi nisa. Shekarun farko kowa matashi ne, mutuwa jefi-jefi, biya ba wuya. Bayan shekara 20 waɗancan matasan sun fara tsufa, mutuwa ta yawaita, sai ka ga ana ta aiko takardar a kawo kuɗi, sabon yaro ɗan shekara 22 ya duba ya ce me zai sa ni in riƙa biyan daidai da dattijo ɗan 60, sai ya ƙi shiga, matasa na janyewa nauyin na ƙaruwa kan waɗanda suka rage har tukunyar ta fashe. Ƙungiyoyin taimakon juna masu yawa a Amurka haka suka mutu. Su Baraden sun farga da wuri, a shekarun 1890 suka buɗe asusun ajiya na ko-ta-kwana, zuwa farkon ƙarni na 20 suka koma biya gwargwadon shekarun mutum da lissafin masana inshora. An yi rigima a kai sosai dan wasu gani suke an kawo kasuwanci cikin zumunci, amma da ba a yi hakan ba da yanzu sai dai a tarihi. Shi McGivney bai ga wannan ba ma, ciwon nimoniya ya kasheshi a watan Agusta 1890 yana da shekara 38, kwana biyu bayan zagayowar ranar haihuwarsa. A 2020 cocin Katolika ta ɗagashi zuwa matsayin mai albarka, mataki ɗaya kenan ya rage a kirashi waliyyi.

Yau mambobi sun kai wajen miliyan biyu a rassa sama da 16,000, yawanci a Amurka da Kanada da Meziko da Filifin, sai Poland da Yukren da Koriya ta Kudu da Faransa da suka shigo daga baya. Inshorar rai da ke hannunsu ta haura dala biliyan 100 tun 2015. Sharaɗin shiga biyu ne kawai, ka zama namiji ɗan shekara 18 ko sama, kuma ɗan Katolika mai riƙe da addininsa.

Toh amma in kana son ka gane ƙungiyar kar ka kalli dogon benen hedikwatarsu a New Haven, ka je reshe ɗaya na wata majami'a a ƙaramin gari. Lokacin azumin kwana arba'in kafin Ista 'yan Katolika basa cin nama ranar Juma'a, sai reshen ya mayar da wannan hanyar tara kuɗi, a soya kifi a zauren coci a sayar da faranti-faranti, iyalai su zo su ci, har waɗanda ba 'yan cocin ba suna zuwa. Wanda ke juya kifin a mai wataƙila lauya ne, mai wanke tire direban babbar mota, mai karɓar kuɗi a ƙofa tsohon soja ɗan fansho. Wata Lahadin kuma karin kumallo za su dafa bayan an fito daga sujada. Akwai lokacin da za ka gansu da riguna ruwan ɗorawa a ƙofar manyan kantuna suna miƙa wa mutane alewar Tootsie Roll ana jefa musu canji a gwangwani, kuɗin na masu naƙasar ƙwaƙwalwa ne, kuma suna tare da Special Olympics, wasannin masu irin wannan naƙasar, tun farawarsu a 1968. Ga bada jini, ga rabon keken guragu, ga rigunan sanyi na yara da suka fara rabawa a 2009 wanda a ƙasar da ƙanƙara ke zuba ba ƙaramin abu bane, yaron da ba shi da rigar kirki makaranta ma gagararsa take. Sai ƙananan da ba a sawa a jarida, gyaran rufin wata tsohuwa, kai mara lafiya asibiti a mota, tsayuwa a jana'izar ɗan'uwa.

A shekarun dab da korona rahotonsu na shekara yana nuna gudummawar kuɗi wajen dala miliyan 185 da aikin sa kai na awa sama da miliyan 75. Lamba ce mai tsoratarwa, amma ka rabata da mutum miliyan biyu ka gani, kowa bai kai awa ɗaya a sati ba, kuɗin kuma bai cika dala 100 a shekara ba. Wallahi wannan lissafin ya fi burgeni akan miliyoyin, domin yana nuna ba wasu waliyyai bane suka sadaukar da rayuwarsu, mutane ne masu aiki da iyali da gajiya irin ta kowa, abinda suka fi mu shine ɗan kaɗan ɗin baya yankewa. Kuma a gaskiya rabon ba daidai yake ba, rassan ne da kansu ke kai rahoton awanninsu, sannan kamar kowace ƙungiya a duniya reshe mai mutum 200 a takarda za ka tarar mutum 20 ko 30 ne ke ɗauke da shi.

Abinda yasa baya yankewa kuwa abubuwa ne marasa armashi da ba wanda ke son zancensu. Taro duk wata, ko mutum goma ne suka zo sai an zauna an karanta abinda aka tattauna a baya. Mai karɓar kuɗi daban mai ajiyewa daban, sakataren kuɗi ya karɓa ya rubuta ya miƙa wa ma'aji, shi sakataren ma hedikwata ce ke tabbatar da naɗinsa ba shugaban reshe ba, sannan akwai amintattu uku da ke binciken littafin kuɗi sau biyu a shekara. Shugabancin reshe zaɓe ake duk shekara, ba kujerar gado bace. Duk watan Janairu kowane reshe sai ya cike takardar abinda ya bayar da awannin da ya yi. Na taɓa zama cikin wata ƙungiyar unguwa da muka fara da zafi, muna tara kuɗin marayu duk ƙarshen wata, shekara biyu bata cika ba ta watse, kuma har yau ban yarda wani ya ci ko sisi ba, kawai dai mutum ɗaya ne ke karɓa shi ke ajiyewa shi ke rabawa, ranar da aka tambayi lissafi ya ji an zargeshi ya yi fushi, masu tambaya su ma suka yi fushi, marayun ne suka kwana a ciki. Da tun ranar farko doka ce ta ce a duba littafi duk wata shida da ba wanda zai ji an ci mutuncinsa.

Akwai kuma tambayar me yasa maza zalla. Masu suka suna cewa zamani ya wuce wannan, kuma suna da abin faɗa, domin duk wanda ya ga ana soya kifin nan ya san matan mambobin na cikin aikin dumu-dumu alhali basu da ƙuri'a a taro, sai dai ƙungiyoyinsu na gefe irin su Columbiettes. Amma ni na fahimci hujjar ɗaya ɓangaren. Ko a cocin arewacin Najeriya ka duba, Zumuntar Mata ce mai ƙarfi, su ne da anko da waƙa da ziyarar marasa lafiya, maza kuwa a zo sujada a gaisa a watse. Namiji da wuya ya ce maka yana cikin kaɗaici ko aikinsa na tangal-tangal, amma ka bashi tukunya ya wanke kusa da wani namijin na awa uku, a nan maganar ke fitowa. Aikin gayya ma ai haka yake, rabin amfaninsa gonar da aka nome, rabin kuma hirar da aka yi a kan kunya. Wanda ya rasa aiki a reshen nan sau da yawa a wajen wankin tire zai ji labarin wani gurbin.

Ba zan ɓoye inda tarihinsu ke da tabo ba. Ƙungiyar da aka kafa saboda ana wulaƙanta 'yan Katolika, wadda ta yi fito-na-fito da Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙar fata da 'yan Katolika, a shekarun 1920, ta zuba kuɗi a shari'ar da ta kai Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Oregon mai neman rufe makarantun coci a 1925, ita ɗin ce kuma rassanta da yawa suka daɗe suna toshe wa baƙar fata ƙofa. Ba a rubuce yake ba, amma dokar karɓar sabon mamba ta ba mutum biyar kacal damar kayar da shi a ƙuri'ar sirri, toh kaga a kudancin Amurka ai an gama magana. Sai a 1964 aka canza ta koma sai kashi ɗaya cikin uku sun ƙi. Kafin nan baƙaƙen 'yan Katolika sun riga sun kafa tasu, Knights of Peter Claver, a garin Mobile na jihar Alabama a 1909, kuma tana nan har yanzu. Sunan Kolombus ɗin ma, wato Christopher Columbus matuƙin jirgin ruwan da ya ƙetara daga Turai zuwa nahiyar Amurka, da suka ɗauka a 1882 dan su nuna wa masu ƙinsu cewa ɗan Katolika ne ya fara buɗe hanyar zuwa nahiyar, yau ya zama kaya, saboda abinda zuwansa ya jawo wa 'yan asalin ƙasar, a 2020 a New Haven ɗin kanta aka sauke gunkinsa daga wani dandali.

Sai maganar siyasa da kuɗi, wadda ita ce ta fi raba kan mutane yanzu. Su ne suka matsa har aka ƙara ambaton Allah a rantsuwar mubaya'a ga tutar Amurka a 1954. Sun zuba sama da dala miliyan ɗaya a yaƙin neman ƙuri'ar hana auren jinsi a California a 2008, kuma tun 2009 sun sayi na'urorin hoton ciki sama da 1,000 ga cibiyoyin da ke ƙoƙarin shawo kan mata kar su zubar da ciki. A wajensu wannan koyarwar cocinsu ce, ba sa ganinta a matsayin siyasa, ni ma ban ga laifin mutum ya kare abinda ya yi imani da shi ba. Sai dai a Amurkar yau duk wanda ya taɓa waɗannan batutuwan an riga an sa masa hular jam'iyya, har a 2018 wasu sanatoci suka titsiye wani da za a naɗa alƙali kan kasancewarsa mamba. Mai soya kifi a ƙauye bai san hawa ba bai san sauka ba amma shi ma hular ta hau kansa, kuma akwai 'yan Katolika da suka ja baya saboda haka. Ɓangaren inshorar shi ma ana magana, kamfani ne babba mai cin rangwamen haraji saboda rajistarsa ta ƙungiyar zumunci, wakilansa mambobi suke bi gida-gida suna tallata musu, akwai shekarun da albashin shugaban ƙoli ya haura dala miliyan ɗaya. Masu karewa za su ce ribar ce ke bada damar manyan ayyuka, kamar dala miliyan 2 da suka bayar a 2017 dan sake gina garin Karamles na Kiristocin Iraƙi da ISIS ta rusa, ko sama da miliyan 20 da suka tara wa Yukren bayan ɓarkewar yaƙin 2022, kuma gaskiya ne reshen ƙauye ba zai iya wannan ba. Damuwata ita ce ranar da mamba zai fara jin kansa kwastoma, ya biya kuɗin inshorarsa ta waya ya ga ya sauke nauyi, alhali shi McGivney abinda ya gina shine mutumin da ya san sunan matar da dalarsa za ta je wa.

Wannan salon ya ƙetaro Afirka tuntuni. A Ghana akwai Knights of Marshall tun 1926 a Sekondi, a Najeriya kuma Fada Anselm Ojefua ya kafa Knights of St. Mulumba a Onitsha a 1953 da sunan ɗaya daga cikin shahidan Uganda, kuma dalilin kusan iri ɗaya ne da na New Haven, a ba maza 'yan Katolika inda za su jingina ba sai sun shiga ƙungiyar asiri ba. Su ne kake gani da kayan sarauta da takubba a manyan bukukuwan coci a Kaduna ko Jos ko Abuja. Suna ayyukan taimako na gaske, amma a idon talakan coci abin ya fi kama da na manya masu hali, alhali waɗanda suka zauna a ɗakin ƙarƙashin St. Mary's yawancinsu 'yan ƙaramin ƙarfi ne masu tsoron abinda zai sami 'ya'yansu, kuma a ganina wannan tsoron ne ya sa suka riƙe abin da hannu biyu.

Can Amurkar ma yanzu babban abinda ke cin su shine tsufa. Freemason da suka haura miliyan 4 a 1959 yau basu kai miliyan ɗaya ba, su Baraden yawan bai faɗi haka ba saboda rassan ƙasashen waje da inshora na riƙe sunaye a littafi, amma awannin aiki sun nuna, a shekarar korona sun sauko ƙasa da miliyan 50. Shugabannin sun sani, shi yasa a 2017 suka ajiye kayan bikinsu na alkyabba da hula mai gashin jimina suka koma kwat da hular soja mai laushi, dattawa da yawa suka yi ta ƙorafi. A 2018 aka buɗe shiga ta intanet, a 2020 aka haɗe bukukuwan rantsarwa uku da ada ake yi a ɓoye suka zama ɗaya na kamar rabin awa wanda mata da yara za su iya zama su kalla. Patrick Kelly da ya karɓi shugabanci a 2021 ya fi karkata ga tara maza su yi addu'a su tattauna ko da basu yanki kati ba tukuna. Matashi mai yara biyu da aiki biyu da bashin makaranta a kansa zai iya cike fom a waya cikin minti biyar, amma ranar Juma'ar azumi sai an sami wanda zai zo tun azahar ya fasa kwalayen kifi ya tsaya har a goge zauren da daddare, kuma a rassa da yawa masu yin hakan yanzu sun haura shekara 65.